Firinta ɗaya a gida, kwamfutoci kala-kala: tambayoyin da kuka fi yi mani

Assalamu alaikum jama'a. Ni mai gyaran kwamfuta ne a nan cikin garin Katsina, wajen Ƙofar Ƙaura, kuma wallahi ba a sati ba a kira ni kan maganar firintar gida ba. Tambayoyin iri ɗaya ne kullum, mutanen ne kawai suke canzawa, shi ya sa na ce bari in zauna in tattara su wuri guda, wanda ya turo mani tambaya sai in tura mashi nan ya karanta a nutse.

Malam, firinta ɗaya gare mu amma kwamfuta uku ce a gidan, ga wayoyi. Zai yiwu kowa ya riƙa buga takardarsa daga inda yake?

Zai yiwu sosai, kuma hanya biyu ce. Ta farko ka jona firintar da kebul ɗin USB a jikin kwamfuta ɗaya, ita kuma kwamfutar ta raba wa sauran ta netwok. Ta biyu ita firintar da kanta ta hau rauta ko MiFi ɗin gidan, ko dai ta WiFi ko ta kebul ɗin netwok, kowa ya same ta kai tsaye ba tare da ya bi ta kwamfutar wani ba.

Ta farkon ita mutane suka fi yi saboda yawancin firintocin da ke gidajenmu USB kaɗai gare su, kuma ita ce uwar duk ciwon kan da za ku karanta a ƙasa. Dole kwamfutar da ke riƙe da firintar ta kasance a kunne, ba ta yi barci ba, ba a rufe murfinta ba, kuma duk ranar da maigida ya ɗauki laftof ɗinsa ya tafi ofis shi ke nan gidan ba firinta har ya dawo. Ta biyun ita nake ba kowa shawara in da hali.

Na yi sharing a Windows yadda aka ce amma ɗayar kwamfutar ba ta ganin firintar, mi na yi ba daidai ba?

Fara da abu mai sauƙi, su biyun a kan WiFi ɗaya suke? Sau da yawa in na je sai in tarar ɗaya tana kan MiFi, ɗayar kuma tana kan hotspot ɗin wayar uwargida, to waɗannan ai ba gida ɗaya suke ba balle su ga juna.

In suna tare, duba ko Windows ta ɗauki netwok ɗin a matsayin Public. In Public ne za ta ɓoye kanta da gangan don ta zaci a bainar jama'a kake, sai ka mayar da shi Private a duka kwamfutocin, ka kunna Network discovery da File and printer sharing. A kwamfutar da ke riƙe da firintar ka shiga Printer properties, ka je Sharing, ka saka alama a Share this printer, ka ba ta suna gajere marar tazara, ko FIRINTA kawai ya isa. Sannan a ɗayar ka danna maɓallin Windows tare da R, ka rubuta \\ sai lambar IP ta kwamfutar farko, wato adireshinta a kan netwok, wadda za ka samu in ka je wajenta ka danna Windows da R, ka rubuta cmd, sannan ka rubuta ipconfig a baƙin allon da zai buɗe. In ta tambaye ka suna da faswod, na kwamfutar farko take nufi, ba naka ba, kuma faswod ɗin asali ba PIN ɗin da ake shiga da shi ba, nan ma mutane da yawa suke tsayawa.

Wasu ƙananan MiFi da rautoci suna da wani saiti da ke hana na'urorin da ke kansu magana da juna, kowa intanet kawai zai gani, sunansa AP isolation. In yana kunne ka kashe shi.

Tana ganinta amma sai ta fito da 0x0000011b ko 0x00000709. Bairas ne?

Ba bairas ba ne. A tsakiyar 2021 aka gano wata babbar ɓaraka a sashen Windows da ke kula da firintin, wanda ake kira Print Spooler, har aka laƙaba mata suna PrintNightmare, domin mugu zai iya bi ta nan ya karɓe kwamfutar gaba ɗaya. Microsoft suka toshe ɓarakar da afdet, sai toshewar ta tsaurara yadda kwamfutoci ke gaisawa wajen raba firinta, daga wajen watan Satumba na wannan shekarar aka fara ganin 0x0000011b ko'ina, musamman in ɗaya kwamfutar ta yi afdet ɗayar ba ta yi ba, ko ɗaya tsohuwar Windows ce.

Maganin da ya fi tsafta shi ne ka yi wa duka biyun afdet har ƙarshe, ka saka direban firintar, wato manhajar da ke sa kwamfuta ta iya magana da ita, a kowace kwamfuta da hannunka kafin ka nemi haɗawa. Akwai wani gyara da yara ke yawo da shi na shiga registry, ma'ajiyar saitin Windows ta can ciki, a saka RpcAuthnLevelPrivacyEnabled a kan 0, yana aiki, ba ƙarya ba ne, amma ka sani ƙofar da aka rufe ce kake sake buɗewa. A gida inda kai da iyalinka ne kawai a kan WiFi ɗin da sauƙi, amma a shagon bizines santa da kowa ke hawa netwok ɗin ban yarda da shi ba, kuma ba na yi wa kowa ba tare da na gaya mashi abin da ake ciki ba.

Ɗana ya dawo daga makaranta da MacBook, ya ce firintarmu ce ba ta da kyau, ni kuma na ce kwamfutarsa ce mai girman kai. Wa ke da gaskiya?

Baba, kowa da tasa gaskiyar. Akwai ƙananan firintoci masu araha da ba su da ƙwaƙwalwar sarrafa shafi da kansu, kwamfuta ce ke yi masu duk aikin ta hanyar direba, to in kamfanin bai yi wa Mac direba ba, ko ya yi ya daina sabunta shi, magana ta ƙare. HP LaserJet 1020 misali ce, firinta mai ƙarfin hali wadda ta yi suna a ƙasar nan, amma don Windows aka yi ta, sai da dabaru ake lallaɓa ta a Mac. Canon LBP2900 ma tana da nata yaren na daban da ake kira CAPT, tana wahalar da duk wanda ba Windows yake ba. Kuma ko ka raba ta daga Windows, ita Mac ɗin sai ta nemi direbanta a wajenta, rabawar ba ta ɗauke wannan.

In kuwa firintar mai AirPrint ce, wanda Apple suka fito da shi a 2010, ba direba ba komai, Mac da iPhone za su gan ta da kansu da zarar suna WiFi ɗaya.

Na taɓa zuwa wani gida wajen Ƙofar Marusa, uban malamin makaranta ne, ɗan ya zo hutu, ƙanwarsa kuma tana ta fama da firojet ɗinta na ƙarshe za ta kai wa sufabaiza washegari. Na tarar kwana biyu ana jayayya, yaron na cewa "Baba a sayar da wannan tsohuwar a huta", uban na cewa "shekara nawa tana mani jarrabawar ɗalibai kafin ka san kwamfuta", ita kuma yarinyar tana gefe idonta ya cika da hawaye ba wanda ya kula. Abin ya taɓa ni. Na ce mata ƙanwata kawo aikin, muka mayar da shi PDF a Mac ɗin, muka sa a fulash, muka buga a kwamfutar uban, minti goma ba a yi ba. Sauran maganar haɗawa sai bayan ta miƙa aikinta muka zauna a kai.

Ƙanena ya ce a sauke Windows a saka Linux, wai duk matsalar za ta ƙare. Haka ne?

Wata za ta ƙare, wata kuma sabuwa za ta zo. Abin da zan yaba wa Linux shi ne tsarin firintin ɗinta mai suna CUPS yana da kyau ƙwarai wajen rabawa, kuma ba ya canza hali daga wata zuwa wata. A Ubuntu ko Linux Mint yawancin firintocin HP kana jonawa suke tashi saboda HPLIP, wato direbobin HP na Linux, sabbin firintoci masu WiFi kuma da yawansu ko direba ba su nema. In ka buɗe burauza ka rubuta localhost:631 za ka ga shafin CUPS ɗin, daga nan za ka kunna rabawa, Windows kuma ta karɓa in ka ba ta adireshin da ya fara da http, sai IP, sai :631/printers/ da sunan firintar.

Amma waɗancan ƙananan da na ambata suna ba da wuya a nan ma. LaserJet 1020 sai an loda mata wani ɗan fayil na firmware, wato manhajar da ke tafiyar da ita firintar kanta, duk sanda aka kunna ta, in ba a saita wannan ba za ta yi shiru kamar ta mutu. Sannan ka tambayi kanka wa ke aiki da kwamfutar. In maigida CorelDRAW yake yi yana tsara katin biki da kalanda, ka sauke mashi Windows ka kashe mashi sana'a, don CorelDRAW ba ya da na Linux. Takardun Word ma in aka buɗe su a LibreOffice wani lokaci tebur da shafuka suna gocewa.

Inda na fi son Linux a gida shi ne tsohuwar kwamfutar da aka jingine a ƙarƙashin gado, ko ɗan Raspberry Pi, a saka mata Linux a jona firintar USB ɗin a jikinta a bar ta kunne, ta zama ita ce mai hidimar firintin na gidan duka. Da wannan har wayoyi suna iya ganin firintar da ba ta da WiFi.

To tsakani da Allah wanne ya fi, Windows ko Mac ko Linux?

Wannan tambayar ita ce ta fi kowace zafi, in aka fara ta a majalisa bayan la'asar sai magariba ta raba, kamar musun 'yan ƙwallo. Masu Mac suna ganin sun fi kowa wayewa, 'yan Linux suna ganin su ne suka san kwamfuta na gaske, masu Windows kuma suna cewa ku yi ta surutu, duk ofis da bizines santa da ke garin nan da tamu ake aiki.

Abin da yawancin masu musun ba su sani ba shi ne ta ɓangaren firinta abokan gaban nan cuɗe suke da juna. CUPS ɗin da 'yan Linux ke alfahari da shi, Michael Sweet ne ya fitar da shi a 1999, Apple suka saye shi a 2007, kuma shi ne ke buga takarda a cikin kowace Mac, ke nan Mac da Linux tuwo ɗaya suke ci miya ce ta bambanta. Yadda Linux ke shiga rabon fayil da firinta na Windows kuma ta hanyar Samba ne, wanda Andrew Tridgell ya fara a Ostareliya tun 1992 don kawai ɓangarorin su fahimci juna. Yanzu kuma dukkansu, har Android da iPhone, sun hallara kan yare ɗaya mai suna IPP, shi ne ƙarƙashin AirPrint, shi ne ƙarƙashin Mopria da wayoyin Android ke amfani da shi, Microsoft ma can suka dosa.

Ra'ayina, kuma na san wasu abokaina ba za su ji daɗi ba: ga mutumin Katsina da ke da firinta ɗaya 'yar tokumbo da aikin Word da Excel, Windows ta fi mashi sauƙi, don direbobinta suna nan kuma duk lungu akwai wanda zai gyara mashi. Linux ta fi dacewa da tsohuwar kwamfuta mai ƙaramin RAM da mai son koyo, kuma kyauta ce halal, ba sai ka saka ta sata mai kirak ba, wannan kuwa ba ƙaramin abu ba ne a wajena. Mac tana da inganci da riƙe caji, musamman tun da suka koma nasu injin na M1 a 2020, amma tsada gare ta kuma in ta lalace neman kayanta sai ka dangana da Kano ko Abuja. Abin da ke ɓata mani rai shi ne yadda ake raina mutum don kwamfutar da yake riƙe da ita, yaro ya zo shago da tsohuwar laftof ɗin da mahaifinsa ya yi tarin kuɗi ya saya mashi, wani ya yi mashi dariya wai har yanzu Windows 7, wallahi ba na barin a yi wannan a gabana.

Ni ba ni da kwamfuta, waya ce kawai. Zan iya?

In firintar mai WiFi ce, eh. iPhone da AirPrint, Android kuma tun daga Android 8 akwai Default Print Service a ciki, in bai gan ta ba ka saka Mopria Print Service ko manhajar kamfanin firintar. In ba rauta a gidan, da yawansu suna da WiFi Direct, wayar ta haɗu da firintar kai tsaye ko data ba a buƙata. Masu tambaya ta Google Cloud Print ku haƙura, an rufe shi tun ƙarshen 2020.

Jiya tana aiki lafiya lau, yau ta ce Offline, ba wanda ya taɓa komai.

Wuta ce ta taɓa. Duk sanda aka ɗauke wuta rautar ta mutu ta dawo, tana iya sake raba lambobin IP, firintar da jiya take 192.168.0.101 yau ta zama 103, kwamfutar kuma tana can tana ƙwanƙwasa tsohuwar ƙofa. Ka shiga saitin rautar ka ware wa firintar lamba ɗaya ta dindindin, ko ka saka mata a jikinta. Haka ma in kwamfuta ce ke riƙe da ita. Kuma mafi yawan firintocin gida WiFi mai 2.4GHz kaɗai suke ji, in an canza rauta zuwa mai 5GHz zalla ba za ta ma gan shi ba.

Takardu sun taru a layi, ba su fita kuma ba su goguwa.

Danna Windows da R ka rubuta services.msc, tsayar da Print Spooler, shiga C:\Windows\System32\spool\PRINTERS ka goge abin da ke ciki, fayilolin kawai ba foldar ba, sannan ka sake tayar da shi. Kuma don Allah in takarda ba ta fito ba a daina danna Print sau goma, ranar da ta farfaɗo duka goman za ta amayo, takarda da tona sun tafi a banza.

Na rubuta wasiƙa da Hausa, a kwamfutata daidai, da aka buga a ta yayana sai ƙ da ɗ da ɓ suka koma akwati-akwati, ƙasan shafin ma ya yanke.

Matsala biyu ce. Haruffanmu masu lanƙwasa ba kowane font ke da su ba, in ka rubuta da wanda ke kwamfutarka kaɗai, ɗayar za ta musanya da wani, tsofaffin fonts na Windows XP da makamantansu kuma da yawa ba su da su. Masu rubutun ajami da Larabci ma suna gamuwa da irin wannan, wasali ya goce ko haruffa su rabu. Ka mayar da takardar PDF a kwamfutar da ka rubuta ta, font ɗin zai tafi a cikinta, ko'ina aka buɗe haka za ta fito, Windows ko Mac ko waya.

Yankewar kuma girman takarda ne. Mu A4 muke saye, milimita 210 da 297, amma kwamfutoci da firintocin da suka zo daga Amurka suna zuwa a kan Letter, wadda ta fi faɗi kaɗan ta fi gajarta. Ka canza zuwa A4 a cikin Word ɗin da kuma cikin saitin firintar, a kowace kwamfuta, don kowace da nata take riƙewa.

Zan iya ɗora ta a kan inbata ko ƙaramin UPS?

Mai tawada irin su Epson L3150 ba damuwa, abin da take ja ko wat 20 bai kai ba. Mai tona kuwa tana da hita a ciki da ke narkar da garin a jikin takarda, zafinsa yana kusan digiri 200, tana jan ɗaruruwan wat kuma farkon tashinta ya fi haka, ƙaramin UPS zai yi ƙara ya mutu ya tafi da kwamfutar da rautar gaba ɗaya. Sai babban inbata ko janareta mai ƙarfi. Kuma kafin ka jona 'yar tokumbo ka leƙa bayanta, in an rubuta 110V ta Amurka ce, wutarmu 230 ce, ba tiransifoma kana sakawa za ta ƙone nan take, ba kamar cajar laftof ba ce da ke karɓar kowace.

Kwamfutar da ke riƙe da firintar Windows 7 ce, sabuwar kuma 11. In bar su haka?

Za su iya haɗuwa amma da jan rai. In tsohuwar 32-bit ce, ita 11 64-bit kaɗai ake yin ta, sai ka nemo direban 64 ka saka da kanka. Microsoft sun daina ba Windows 7 kariya tun 14 ga Janairu 2020, Windows 10 ma wa'adinta ya cika 14 ga Oktoba 2025. In za ka iya ka juya abin, sabuwar ta riƙe firintar, ko tsohuwar ta koma Linux kamar yadda na faɗa a sama. In wani ya ce ka kunna SMB1, tsohuwar hanyar raba fayil da firinta, don Windows XP ta shigo, ka tuna ta nan bairas ɗin WannaCry ta bi a 2017.

Zan sayi sabuwa bayan sallah, wace za ka ce in ɗauka?

Kafin ka tambayi farashi ka ƙirga na'urorin gidanka, har wayoyin yara da Mac ɗin da ke zuwa hutu. Ka nemi mai WiFi ko mai ramin kebul ɗin netwok, ka duba kwalin ko akwai AirPrint da Mopria. A kula da harafin ƙarshe na suna, HP P1102 USB ce kawai, P1102w ita ce mai WiFi, haka L3110 ba ta da shi L3150 tana da shi, bambancin kuɗin bai kai wahalar da za ka sha ba. In rubutu baƙi ne yawancin aikinka kuma wani lokaci sai a yi wata ba a buga komai ba, ɗauki mai tona, don tawada tana bushewa a kan firintar in ta daɗe a ajiye, balle da zafin bazararmu da ƙurar hunturu. In hotuna da kala kake so ɗauki mai tankin tawada, ka riƙa buga ko shafi ɗaya duk sati, ka rufe ta da ƙyalle in an gama.

Ka kuma tambayi mai shagon ko katirij ɗinta ana samunsa a nan Katsina kuma ana iya cika shi, irin su 85A da 12A da 05A ba su wuyar samu. In 'yar tokumbo ce kada ka biya sai ka je da laftof ɗinka da wayarka an buga shafin gwaji daga kowanne a gabanka.